Ludayi Biyu, Ba Gyara

"Sake," in ji Oga Chris.

Habibullah ya juye shinkafar cikin tire, ya sake ɗaukar ludayi. Ya zuba ɗaya, ya zuba na biyu, ya ɗora farantin a kan sikeli. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Oga Chris ya leƙa, sannan ya dube shi ta saman tabarau.

"Ya wuce."

"Biyu na zuba, Oga."

"Biyu da ɗan wani abu. Da idona na gani. Kana gama na biyun, hannunka ya koma ya yafuto kaɗan. Ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da a ce da gangan yake yi, da tuni ya daina.

Magdalena tana gefensa wajen kaji, tana jera cinyoyi da awartaki. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Oga, ba shi ba ne. Hannun Innarsa ne ya biyo shi wajen aiki."

Sauran ma'aikatan suka yi dariya. Habibullah ma ya yi, irin wadda mutum yake yi don kada a ce ya ji haushi.

Gidan abincin yana jikin gidan mai ne, a mafitar Gumel idan an nufi Maigatari. Sunansa na Turanci yana nan a allo da jan fenti, amma ba mai kiransa da shi. Ci-ka-wuce 'yan gari suke ce masa. Kamfanin yana da rassa a garuruwa da dama, kuma kowace shekara sai ya aiko wani daga hedikwata ya yi wa ma'aikata bita. Bana Oga Chris aka turo. Ya zo farkon mako da majigi da sikeli da kuma labari: mutum ɗaya za a ɗauka daga reshen Gumel, ya je Kano kwas, ya dawo sufabaiza. Yau Alhamis bitar za ta ƙare, kuma kafin magariba zai faɗi suna.

Kowa ya san tsakanin mutum biyu ne. Ko Habibullah, ko Magdalena.

Sufabaiza farar riga yake sawa. Ba ya tsayawa gaban mai soya kaji har fuskarsa ta yi naso, ba ya kuma sa jar hular nan mai hoton zakara yana murmushi. Habibullah ya tsani zakaran. Abokan karatunsa wasu suna Dutse, wasu suna Kazaure, idan suka zo hutu sukan shigo su ce, "Zakara, a ba mu cinya biyu." Shi da ya ci lissafi a sakandare, ya san yadda ake nemo faɗin da'ira, ga shi an shafe mako ana koya masa ƙirga biyu, kuma yana faɗuwa.

Laifin Inna Asama'u ne, a nan Magdalena ba ta yi ƙarya ba. Shinkafa da wake Inna ta sayar a kasuwar Ɗanzomo tun kafin a haife shi, har zuwa lokacin da gwiwoyinta suka ƙi. A gefen tukunyarta ya girma, a nan ya fara riƙe ludayi. A wajenta ciniki ba ya ƙarewa da awo. Idan ta cika wa mutum kwanonsa, sai ta ɗan ƙara a sama, ko a roƙa ko kada a roƙa. Gyara ke nan. Ranar da ya taɓa sallamar wani makiyayi ba gyara, sai da ta sa ya bi shi da cokali har bakin rumfar mahauta.

Oga Chris kuwa da majigi ya yi musu bayanin gyara. Ya nuna hoton cokali ɗaya. Ya ce a ninka shi da yawan masu saye, a ninka da yawan rassa, a ninka da kwanakin shekara. Sai ga hoton tirela maƙare da buhunan shinkafa a jikin bango.

"Wannan ce take ɓacewa duk shekara," in ji shi. "Cokali cokali."

Bai dubi kowa ba. Amma Habibullah ya ji kamar a ƙofar ɗakinsa aka kama tirelar a ajiye.

Maimakon gyara, kamfani ya ce idan an gama awo a yi murmushi a tambayi mai saye ko za a ƙara masa lemo. Idan ya nemi gyara, amsa ɗaya ce: yi haƙuri, awon kamfani ne. Sun yi ta maimaitawa tare kamar 'yan aji ɗaya.

Da Oga Chris ya shiga sito yana waya, Magdalena ta matso.

"Ɗan Inna, in ba ka shawara?"

"Riƙe abarki."

"Kana zuba na biyu, ka saki ludayin cikin robar ruwa. Kamar ya ƙona ka. Hannun da ba ludayi me zai yafuto?"

Ya dube ta. 'Yar Malam Hezekiah ce na ma'aikatar ruwa, wanda ya zo daga Filato da aiki ya zauna. A Gumel aka haife ta, Hausarta ta fi tasa tsini. Hannunta kuwa sikeli ne da kansa, ko sau ɗaya Oga Chris bai ce mata ta sake ba.

"Me ya sa kike gaya mini?"

"Ba na son in kayar da gurgu. Ba daɗi."

Ya gwada. Ɗaya, biyu, ya saki. Ludayin ya faɗa ruwa, hannunsa ya tsaya a iska yana neman abin yi. Ya ɗora a sikeli. Daidai.

Saura abu ɗaya da ke damunsa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ranar da aka fara bitar ya kira Inna a waya, bakinsa ya suɓuce ya ce ana maganar tura shi Kano. Ana maganar, haka ya ce. Amma ya san Inna. Yanzu haka a Ɗanzomo har ya tafi Kano ya dawo, an ba shi mota.

Bayan azahar 'yan kasuwa suka fara dawowa daga Maigatari. Motoci suna tsayawa shan mai, fasinjoji suna shigowa neman sanyi da abin kai wa baki. Oga Chris ya ce jarrabawa ta ƙarshe ke nan, ba sikeli, ba majigi. Ya je ya jingina da firiji a bayansu ya harɗe hannu.

Na farko wani direban babbar mota ne mai lambar Nijar, da rawani ya rufe rabin fuska. Habibullah ya zuba biyu, ya saki ludayi.

"Ba kado?" in ji direban, yadda mutanen Nijar suke kiran gyara.

"Yi haƙuri, awon kamfani ne. Za a ƙara lemo?"

Direban ya yi tsaki, amma ya karɓi lemon.

Haka aka yi ta yi. Wata mata da yara uku, wasu 'yan acaɓa, wani ma'aikacin kwastan da bai nemi komai ba don ya saba a ba shi ba tare da ya nema ba. Ashe hana baƙo ba wuya. Habibullah ya ji maganar tana fita sumul, har ya fara sa mata ɗan kari a ƙarshe. Ya ce a ransa, ashe da ma rowa ce baiwata, na tsaya ina ɓata lokaci a lissafi.

Sai ya hango wani tsoho a bakin ƙofar gilashi yana cire takalmi. Mai gadi yana ce masa a nan ba a cirewa, shi kuma yana nuna tayil ɗin yana cewa ai ba a taka wannan da kashin raguna. Malafa a rataye a bayansa, sanda a hannu. Habibullah ya gane shi.

Baba Ɗantala ne, dillalin raguna. Mutumin Ɗanzomo. Duk ranar kasuwa a bencin Inna yake cin abinci, har yana da kwanonsa na kansa da ake ajiye masa. Shi ya yanka ragon sunan Habibullah.

Tsohon ya biya wajen mai karɓar kuɗi, ya taho da 'yar takardarsa a hannu kamar mai jiran ganin likita. Ba takalmi.

"Salamu alaikum. Ina ɗan Asama'u?"

"Amin alaikumus salam. Baba, sannu da zuwa."

Habibullah ya so ya durƙusa, amma kanta ta kai masa ƙirji, idan ya durƙusa ɓacewa zai yi gaba ɗaya. Sai ya rusuna rabi, hular zakara ta kusa faɗawa cikin miya.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi. Raguna sun tafi, saura igiya."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ka. Uwarka ƙafar ce dai, amma da sauƙi. Kai ne ka yi fari haka? Ko fitilar ce?"

A bayansa Oga Chris ya yi ɗan tari. Gaisuwar kamfani layi ɗaya ce, kuma akwai mutum huɗu a bayan tsohon.

"Ita ta ce mini Kano za su kai ka," Baba Ɗantala ya ci gaba, da muryar da yake kiran farashi a kasuwar dabbobi. "Na ce to bari in tsaya in ci daga hannunka kafin ka zama babban mutum, a ce sai an cika takarda kafin a gan ka. Motarmu na can a layin mai. Yarinyar can ta ce dafa-duka ce ta fi kama da abincin mutane."

"Ba a tabbatar ba tukuna, Baba."

"An tabbatar. Uwarka ta faɗa."

Magdalena ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna motsi.

Habibullah ya ɗauki faranti. Ya zuba ɗaya. Ya zuba na biyu. Ya saki ludayin, ya ji faɗawarsa cikin ruwa. Magdalena ta ɗora fiffike ɗaya a gefe, yadda takardar ta nuna. Ya miƙa.

Baba Ɗantala ya karɓa da hannu biyu, amma bai matsa ba. Bai kuma janye farantin ba. Yana nan riƙe da shi a saman kanta, yana kallon fanka, yana cewa wurin nan da sanyi kamar rijiya. Ba roƙo yake yi ba. Jira yake, yadda ya saba jira a gaban tukunyar Inna, don a saninsa ba a gama ba.

Hannun Habibullah na dama ya fara tafiya wajen robar ruwa. Ya kamo shi da na hagu, ya kai su baya duka biyun kamar ɗan sanda a fareti.

Tsohon ya sauko da ido daga fanka, ya dubi farantin, ya dubi yaron.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba."

"To gyaran fa, ɗan Asama'u?" Da murmushi ya faɗa, kamar mai tuna wa yaro ya manta hularsa.

Habibullah yana jin idon Oga Chris a ƙeyarsa kamar zafin rana. Ya tuna farar riga. Ya tuna mutanen Ɗanzomo da suka riga suka raka shi tasha a bakinsu. Cokali ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa mutuwa don rashin cokali ɗaya.

"Yi haƙuri, Baba. Awon kamfani ne."

Maganar ta fita daidai, har da ɗan karin nan na ƙarshe. Da ya tsaya a nan da sauƙi. Amma bakin da aka shafe mako ana horarwa bai san inda ake tsayawa ba.

"Za a ƙara lemo?"

Baba Ɗantala ya ɗan jima yana dubansa. Ba fushi a fuskarsa. Irin kallon da yake yi wa rago ne idan ya buɗe bakinsa ya ga haƙoran ba su dace da abin da mai shi ya faɗa ba.

"A'a," in ji shi. "Ina da ruwa a gora."

Ya fara janye farantin. Sai awartaki ya wuto ta gaban Habibullah, ya ajiye wata tsoka mai kauri a kan shinkafar. Magdalena ta tsamo ludayinsa daga ruwa, ta girgiza shi, ta ɗebo rabi ta ƙara a sama.

"Ga shi, Baba. A ci lafiya."

"Madalla. 'Yar wa ce?"

"'Yar Hezekiah, na ma'aikatar ruwa."

"Mai jan babur? Na san shi, ya taɓa sayen tunkiya a hannuna, ya iya taya kaya kamar Bakano. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba."

Tsohon ya je ya zauna kusa da taga. Ya ture cokalin roba gefe, ya wanke hannu da ruwan gorarsa, ya ci da hannu. Habibullah ya sallami mutum huɗun da ke layi ba tare da ya ga fuskar ko ɗaya ba. Biyu, saki. Biyu, saki. Bai yi kuskure ba.

Da kwandasta ya leƙo yana kiran 'yan Ɗanzomo da Sule Tankarkar, tsohon ya tashi ya biyo ta kanta.

"To, ɗan Asama'u. Zan gaya mata na gan ka."

"A gaishe ta, Baba."

"Zan ce ka iya aiki."

Ya fita ya sa takalminsa.

Bayan la'asar Oga Chris ya tara su a sito, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin mai. Bai ja magana ba. Ya ce kowa ya yi ƙoƙari. Ya ce shi ma kakarsa kunu ta sayar a Bukuru, ya san gyara, ya sha shi ya ƙoshi.

"Amma ba kakata ce ta aiko ni nan ba," in ji shi. "Har zuwa yau da rana Magdalena ce a gaba. Sufabaiza shi ne wanda zai iya cewa a'a ko da babansa ne a gaban kanta. Yau na ga wanda ya iya. Habibu, ka shirya kayanka."

Aka yi tafi. Magdalena ma ta tafa, sau biyu ko uku, ta fita ta ƙofar baya.

Habibullah ya san abin da ya kamata namiji ya ce a nan. Ya ce Oga, ita ta fi ni, dabarar ludayin ma ita ta koya mini. Maganar ta taso har maƙogwaro. Ya buɗe baki.

"Na gode, Oga."

"Ka cancanta." Oga Chris ya dafa kafaɗarsa. "Ka fara daga yau. Abin da ta yi, sufabaiza ba ya gani ya yi shiru. Je ka yi mata magana yadda na koya muku jiya. Yabo a farko, laifi a tsakiya, yabo a ƙarshe. Ina jin ka daga nan."

Tana bayan gini a bakin famfo, ta cire hula, tana wanke tire. Daga titi ana jin motocin shanu suna wucewa kudu. Ya tsaya a kanta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Magda."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ki bari."

"An turo ka ke nan. To fara, ina ji. Yabo."

Ya fara. "Kina da ƙoƙari. Ba kya makara. Masu saye suna jin daɗin..."

"...yadda nake karɓarsu. Ci gaba."

"Amma yau kin ƙara wa mai saye abin da ba ya cikin awo."

"Wanda hakan yana jawo wa kamfani?"

"Asara."

"Tirela guda." Ta kifa tiren, ta jawo wani. "Ka iya, wallahi. Ko Oga bai kai ka ba."

Ya rage murya don kada ta kai sito. "Don ki bar mini ne?"

Ta daina wanki ta ɗago. Idonta ya yi ja, ko omo ne ko wani abu.

"Kai a wa? Na fi ka son Kano. Ni har jaka na aro wajen ƙawata Dinah." Ta share fuska da bayan hannu. "Hannunsa na gani a miƙe, ga mutane suna kallo. Tsoho, ba takalmi. A garin nan aka haife ni, Habibu. Kunya ce ta kama ni, ban san lokacin da na ɗebo ba."

Ruwa yana zuba a kan tire, yana gangarawa kwata.

Daga cikin sito Oga Chris ya ce, "Ban ji ƙarshen ba."

"Ka ji," in ji Magdalena. "Saura yabo. Kada ka faɗi a ranar farko."

Ya laluba cikin abin da aka koya musu. Akwai su da yawa, duk an shirya: muna alfahari da ke, kamfani yana ganin ƙoƙarinki, gaba taki ce. Ya san za su fita sumul. Ya dube ta a tsugune, hannu cikin kumfa.

"Tsokar da kika zaɓar masa mai kyau ce," ya ce a hankali. "Haƙoransa ba sa iya fiffike."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da wanki.

Sannan ya ɗaga murya yadda za ta kai sito, ya ce kamfani yana alfahari da ita.